Me Ya Sa Fuskar Mai Kaya Take Jawo Ciniki a Intanet?

Ka ɗauka kana duba waya da daddare, sai ka ci karo da tallan turaren wuta guda biyu a Instagram. Na farko hoton kwalabe ne a jere kan tebur, da lambar waya a ƙasa. Na biyu kuwa mai kayan ce da kanta ta ɗauki selfi, ta ɗaga kwalba ɗaya tana murmushi. Farashi ɗaya ne, kuma duka biyun ba ka san su ba. Wa za ka fi sakin jiki ka tura wa kuɗi? Yawancinmu ta biyun za mu zaɓa, kuma kimiyya tana da bayani a kan hakan.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana bai wa fuska kulawa ta musamman. A 1997, Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka sun yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka gano wani ɗan sashe da ya fi motsawa idan mutum ya ga fuska fiye da idan ya ga gida ko wani abu daban. A 2006 kuma, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton sun nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishe mu mu yanke hukunci ko mai wata fuska abin yarda ne. Wato kafin ka karanta farashi, zuciyarka ta riga ta ce wani abu game da mai kayan.

Haka abin yake a kafofin sada zumunta. A 2014, masu bincike daga Georgia Tech da Yahoo sun duba hotuna miliyan 1.1 a Instagram. Hotunan da ke da fuska sun fi marasa fuska yiwuwar samun alamar "so" da kashi 38 cikin 100, sharhi kuma da kashi 32.

Akwai kuma tasirin sabo. Tun 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu, har da fuskar baƙo, yana sa mu ƙara jin daɗinsa. Shi ya sa mai sayar da kilishin da kake gani kullum a WhatsApp yake zama kamar ɗan unguwarku, alhali ba ku taɓa gaisawa ba. Sai dai sabon yana da iyaka. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Idan ka cika wa mutane waya da hotonka sau goma a yini, gajiya za su yi su riƙa tsallake ka.

To, idan kai ne mai kayan, ga abubuwan lura. Na farko, nisa. Wani bincike na 2018 da likita Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers ya jagoranta ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin 100, saboda duk abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto. Kwalbar da ka miƙo gaba ma haka za ta yi. Ranar da ta isa hannun mai saye ya gan ta ƙarama, zai ɗauka ha'intarsa ka yi. Jingina wayar a nesa kaɗan, ko wani ya ɗauke ka.

Na biyu, kyamarar gaba takan juya hoto kamar madubi, sai sunan kayanka ya fito a birkice. Duba kafin ka ɗora. Na uku, haske. Launin atamfa yakan canja a ƙarƙashin kwan lantarki, don haka tsaya kusa da taga da rana, kuma ka guji tace hoton da manhaja. Na huɗu, idon mutane yana bin inda fuska take kallo. Wani lokacin kalli kayan maimakon kyamara.

Akwai haɗari kuma. 'Yan damfara suna kwashe hotunan 'yan kasuwa su buɗe shafin bogi su karɓi kuɗin jama'a. Rubuta sunan kasuwancinka a jikin hoton, kuma kada ka nuna ƙofar gidanka ko fuskar yara. Wadda ba ta son nuna fuskarta tana iya nuna hannunta tana haɗa kaya, ta sa muryarta, don mai saye ya ga akwai mutum na gaske a wurin.

Idan kuma kai ne mai saye, ka tuna cewa hukuncin da muke yankewa daga fuska sauri gare shi, amma ba lallai ya zama daidai ba. Todorov da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Macuci ma ya iya murmushi. Nemi bidiyon kayan, ka tambayi wanda ya taɓa saya, sannan ka tura kuɗi.

Fuska tana iya tsayar da mai wucewa ya duba kayanka, har ya saya a karon farko. Dawowarsa karo na biyu kuwa ta dogara ne ga ko abin da ya buɗe a leda ya yi daidai da abin da ya gani a hoto.