Me Ya Sa Wasan Kwamfuta Ke Cijewa In An Cika Masa Kaya?

Ɗalibai da yawa suna sha'awar wasannin kwamfuta, musamman lokacin hutu. Wasu ma ba sa tsayawa ga wasan yadda kamfani ya fito da shi, sai su ƙara masa abubuwan da sauran masu wasa suka ƙera da kansu: sababbin garuruwa, makamai, dabbobi, itatuwa, hasken rana da ya fi na asali kyau. Irin wannan ƙari shi ake kira mod. Da farko komai yakan tafi daidai. Amma in ƙarin ya yi yawa, sai wasa ya soma tafiyar hawainiya, hoto ya riƙa tsayawa, fanka ta yi ta kuka, wani lokaci wasan ya rufe kansa ba sallama. Nan da nan sai yaro ya ce kwamfutar ce ta tsufa, ya shiga damun iyayensa a sayi sabuwa.

Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a san cewa iyaka iri biyu ce. Akwai iyakar injin wasan, akwai kuma iyakar na'urar. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Mene ne injin wasa?

Injin wasa ba ƙarfe ba ne. Manhaja ce, wato tarin umarnin da ke ƙarƙashin wasan, wadda ke lura da komai: inda kowane abu yake, yadda dutse zai faɗi in an jefa shi, abin da za a zana a fuskar allo, da abin da za a tuna in an ajiye wasa. Mutane ne suka rubuta shi a wata shekara, domin kwamfutocin wannan shekara. A lokacin rubutawa sukan yanke shawara cewa abu kaza ba zai wuce adadi kaza ba, domin wasan nasu bai bukaci fiye da haka ba. Mai ƙera mod yakan zo daga baya ya ɗora kayansa a kan wannan tsohon harsashi.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1993 kamfanin id Software na Amurka ya fito da wasan Doom, ya kuma raba hotuna da taswirorin wasan daga injinsa, yadda kowa zai iya zana tasa taswirar. Masu zane suka yi ta gina manyan ɗakuna, sai suka ci karo da bango: injin ba ya iya zana shimfiɗar ƙasa da rufi iri daban-daban fiye da 128 a kallo ɗaya. In aka wuce haka, wasa ya mutu nan take, komai ƙarfin kwamfutar. Sai bayan da kamfanin ya saki rubutun injin ga jama'a a 1997 aka sami waɗanda suka gyara shi suka cire wannan iyaka.

Misalin Skyrim

Wasan da ya fi nuna wannan al'amari a fili shi ne Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011. An ƙera masa mod dubbai, akwai kuma masu wasan da ke ɗora ɗaruruwa a lokaci guda. Bari mu duba iyakoki uku da suka tarar.

Ta fari ita ce ta ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira ram. A ɗauki ram kamar teburin ɗalibi, faifan ajiya kuma kamar akwatinsa. Littafin da ake karantawa yanzu dole ya hau tebur. Skyrim na 2011 manhaja ce mai bit 32, ma'ana lambobin da take sa wa gurabun ƙwaƙwalwa ba su wuce 4,294,967,296 ba, wato gigabait 4. Da farko ma gigabait 2 kaɗai yake iya taɓawa, sai a Disamba 2011 kamfanin ya yi gyaran da ya ba shi damar kaiwa kusan 4. Saboda haka ko mutum ya sa gigabait 16 a kwamfutarsa, wasan ba ya ganin sauran. Kamar ma'aikacin gidan waya ne da aka koya wa ƙirga zuwa ɗari: ko unguwa ta kai gida dubu, wasiƙarsa ba ta wuce gida na ɗari. Da teburin ya cika, sai wasa ya faɗi. Ba a rabu da wannan matsala ba sai a Oktoba 2016, da aka sake fito da wasan a kan bit 64.

Ta biyu ita ce ta yawan mod ɗin kansu. Kowane abu a cikin Skyrim, daga cokali har zuwa dodo, yana da lambar shaida mai gurbi takwas. Gurabu biyu na farko su ke nuna fayil ɗin da abin ya fito. Kowane gurbi yana ɗaukar alama 16, don haka 16 sau 16 ya ba da 256. An keɓe lamba ta ƙarshe domin abubuwan da ke samuwa ana cikin wasa, sai 255 suka rage, a ciki har da fayilolin wasan na asali. Wannan kamar rajistar aji ce mai layi 255. Ɗalibi na 256 ba shi da wurin da za a rubuta sunansa, ko da akwai kujeru a ajin. A 2017 kamfanin ya ɗauki layi guda ya tsaga shi domin ƙananan fayiloli har 4,096, wannan ya kawo sauƙi ƙwarai.

Ta uku ita ce mafi ban mamaki. An tsara lissafin motsin abubuwa a Skyrim bisa cewa wasa zai nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya. In kwamfuta mai ƙarfi ta zarce haka da nisa, sai lissafin ya rikice: kwanuka su riƙa tsalle daga kan tebur, keken dokin da ke buɗe wasan ya yi ta wuntsilawa. A nan ƙarfin na'ura shi ne ya jawo ɓarna, maganin kuwa shi ne a rage mata gudu.

Agogon cikin wasa

Wasan Minecraft, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya ƙera, yana koya mana wani darasi. Duniyar wasan tana motsawa taki 20 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane taki yana da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci dole injin ya zagaya ya duba dabbobi, shuke-shuke, ruwa mai gudu, da duk na'urorin da mod suka ƙara. In aikin ya fi ƙarfin lokacin, taki na gaba zai jira. Mai wasa sai ya ga ya sari dutse amma dutsen bai fashe ba sai an jima.

Yawancin wannan zagaye ana yin sa ne bi da bi, abu ɗaya bayan ɗaya. Furosesa ta zamani, wato sashen da ke yin lissafi, tana da ma'aikata da yawa a cikinta, huɗu ko takwas ko fiye. Amma in injin bai san raba aiki ba, ma'aikaci ɗaya zai yi ta gumi sauran suna zaune. Shi ya sa wani zai duba ya ga furosesarsa ba ta ko kai rabin ƙarfinta ba, alhali wasa yana cijewa. Malami ɗaya ne ke gyara takardun jarrabawa duka, sauran malamai ba a ba su jan biro ba.

Bugu da ƙari, an rubuta Minecraft na asali da harshen Java, wanda lokaci lokaci yakan tsaya ya share abubuwan da aka gama amfani da su daga ƙwaƙwalwa. Wasu sukan ware wa wasan ram mai yawan gaske da zaton alheri ne. Sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne shara ta taru, in aka tashi kwashewa sai tsayawar ta yi tsawo.

Nauyin da ke kan na'ura

Yanzu mu juya ga ɗaya iyakar. Domin ido ya ga motsi sumul, kwamfuta tana zana hoto 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Furosesa ce ke gaya wa katin hoto abin da zai zana, abu bayan abu. Mod da ya ninka ciyawa da itatuwan daji ya ninka wannan aike.

Abin da ya fi cin wuri shi ne zanen da ake lulluɓe abubuwa da shi, kamar fatar dutse ko ƙirar bango. Ga ɗan lissafi ga 'yan ajin kimiyya. Zane mai ɗigo 1,024 a tsaye da 1,024 a kwance yana da ɗigo 1,048,576. In kowane ɗigo ya ci bait 4, zanen ya ci megabait 4. In aka musanya shi da mai ɗigo 4,096 a kowane gefe, gefen ya ninka sau huɗu, amma girman ya ninka sau 16, ya zama megabait 64. Akan matse irin waɗannan zane-zane su koma kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin takwas. Duk da haka, guda ɗari masu megabait 16 sun kai megabait 1,600. Katin hoto yana da tasa ƙwaƙwalwa, in ta cika sai ya riƙa aro daga ram ta hanya mai jinkiri. Wannan ne ke sa hoto ya tsaya cak sa'ad da mai wasa ya juya ko ya shiga sabon gari. Abin takaici, cokalin da aka yi wa zane mai ɗigo 4,096 bai fi ƙwayar gero girma a allo ba.

Sai maganar zafi. Kusan duk wutar da furosesa da katin hoto suka sha, zafi take komawa. In zafin ya doshi digiri 100, sukan rage wa kansu gudu domin kada su ƙone. Alamar wannan a fili take: wasa ya fara lafiya, bayan minti ashirin ko talatin ya soma ja da baya. A nan ƙasarmu abin ya fi tsanani. A bazara iskar ɗaki kanta tana iya kusantar digiri 40, da ita kuma fanka za ta yi fifita. Da hunturu kuwa ƙura ke toshe ƙofofin iska. Wanda ya ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ya rufe mata hanci da kansa. Zafi na kullum yana rage wa batir kwana, ya gajiyar da fanka.

Yadda za a gane mai laifi

Ruwa ba ya tsami banza. Ga hanyoyin bincike da ba sa cin ko kwabo.

Da fari, a rage ingancin hoto a cikin wasan. In gudu ya dawo, katin hoto ne ya gaza. In babu abin da ya sauya, a zargi furosesa ko injin.

Na biyu, a lura da lokacin da matsalar ke zuwa. In sai an jima ana wasa, zafi ne. In kullum a wuri ɗaya wasa ke mutuwa, wataƙila mod biyu ne ke jayayya a kan abu ɗaya. A Skyrim, in fayiloli biyu suka gyara abu guda, na ƙarshe a jeri shi ke da magana, don haka jerin shigarsu yana da muhimmanci.

Na uku, in ana neman mod mai laifi a cikin masu yawa, a kashe rabi a gwada da sabon wasa. In matsala tana nan, tana cikin rabin da ya rage, sai a sake raba shi biyu. Da wannan dabara, gwaji bakwai ya isa a kama ɗaya daga cikin 128.

Na huɗu, kada a cire mod a tsakiyar wasan da aka yi nisa. Wasu sukan bar saurarsu a cikin ajiyar wasa, injin ya yi ta neman abin da babu, har ajiyar ta lalace, wahalar watanni ta tafi a banza. A riƙa kwafe ajiya a wani wuri, musamman da yake wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar ajiyewa.

Na biyar, a karanta bayanin da mai mod ya rubuta, a kuma riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa. In kwamfutar ta gida ce ko ta makaranta, a nemi izini kafin a sa mata komai, domin fayil da ba a san asalinsa ba yana iya zuwa da cuta.

A ƙarshe

Ƙera mod ba aikin banza ba ne. Wasan Counter-Strike, wanda ya shahara a duniya, ya fara ne a 1999 a matsayin mod na wasan Half-Life, mutum biyu suka soma shi. Ɗalibin da ya zauna ya gano dalilin da ya sa wasansa ke mutuwa ya taɓa lissafi, ya taɓa kimiyyar zafi, ya kuma koyi gwaji irin na ɗakin kimiyya, inda ake sauya abu ɗaya a bar sauran. Don haka in wasa ya cije, a fara da tambaya: injin ne ya kai iyakarsa, ko na'urar? In na'ura ce, a share ƙura, a rage kaya, sa'an nan a yi maganar saye. In kuwa injin ne, a bar kuɗin iyaye a aljihunsu, domin sabuwar kwamfuta ba za ta ƙara layi ko ɗaya a rajistar da ta cika ba.