Kuɗin Da 'Yan'uwa Suka Ba Ka Don Sayen Gida: Kyauta Ne Ko Rance?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana 'yan kasuwa da mutanen karkara kan wata magana da ke raba zumunci, wato kuɗin da dangi kan haɗa wa mutum idan zai ci bashin banki ya sayi gida.

Kamar yadda wasu suka sani, tun 1992 gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa da doka mai lamba 3, ta damƙa shi ga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata, kuma mai sana'ar kansa ma yana iya yin rajista. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi ya cancanci neman rance, da ruwan kashi 6 cikin 100, ana biya har tsawon shekara 30. A 2018 bankin ya sassauta, ya ce rancen da bai wuce Naira miliyan 5 ba babu kafin alƙalami, daga nan zuwa miliyan 15 kuwa sai mutum ya ajiye kashi 10 cikin 100. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuma akwai bankunan da ba sa cin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, amma su ma sukan so mutum ya fara ajiye nasa kason.

To a wajen wannan kafin alƙalami ne dangi ke shigowa. Misali gida na miliyan 10, an ce ka kawo miliyan 1, ga kuɗin lauya da na takardu. Sai Baba ya sayar da shanu biyu, yaya ya turo wani abu, uwargida ta sayar da sarƙarta. Kowa ya ce "ungo, Allah ya sa albarka", ba wanda ya tambaya wai shin kyauta ce ko rance ko kuwa an haɗa hannu ne a gidan. A lokacin kunya ta hana a yi magana. Bayan shekara 10 gida ya yi daraja, sai ka ji ana ta kai ƙara gaban alƙali, wa da ƙane ba sa ga-maciji.

Jama'a, abin da nake kira a kai shi ne a fayyace tun ranar da kuɗi suka fito, a rubuta, a sa shaidu. In rance ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi. Kuma kada mutum ya ɓoye wa banki ya ce kyauta ce alhali rance ne. Banki yana auna abin da za ka riƙa biya ne da abin da kake samu, galibi kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Idan ka ɓoye bashin yayanka, ka ɗora wa kanka kaya biyu ke nan, ranar da kasuwa ta tsaya kuwa gidan ne jingina, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A Amurka da Ingila ma bankuna ba sa karɓar irin wannan kuɗi sai mai bayarwa ya sa hannu a takarda cewa kyauta ce, ba ya jiran a biya shi.

In kuma kyauta ce, to ita ma tana da ƙa'ida a mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi. Kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. Idan Baba ya ce "na ba ka kuɗin shanun nan" amma bai miƙa ba har Allah ya yi masa rasuwa, sun koma dukiyar magada. Idan kuma a cikin ciwon ajali ya bayar, hukuncin wasiyya ake yi mata, ba ta wuce sulusi, kuma ba ta halatta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya nuna uba yana iya janye kyautar da ya yi wa ɗansa, amma ba bayan ɗan ya yi aure ko ya ci bashi saboda ita ba. Kun ga ke nan rubuta ranar da aka ba da kuɗi da ranar da aka sa hannu da banki yana da amfani.

Iyaye kuma ku dubi Allah ku yi adalci. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru sananne ne: mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da a daidaita tsakanin 'ya'ya. Haka nan gonar gado da ba a raba ba, ba ta babban wa ba ce balle ya sayar ya ce ya yi wa ƙanensa kyauta. 'Yan'uwa mata da marayu suna da haƙƙi a ciki.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mace. Ta sayar da gwal ɗinta ko awakinta ko gadon ubanta ta ba miji, takardar gida kuwa ta fito da sunansa shi kaɗai. Ran da ya saketa, sai ta fita da akwatinta. Ran da ya mutu ya bar 'ya'ya, tumuni ne rabonta, shi ma a raba da kishiyoyi. Maigida, in rance ta ba ka, rubuta mata, domin bashi ake fara biya kafin a raba gado. In haɗin gwiwa kuka yi, a sa sunanta da yawan kasonta.

Takardar ba ta da wuya. A rubuta sunan mai bayarwa da na mai karɓa, da yawan kuɗin, da kwanan wata, a faɗi ƙarara kyauta ce ko rance, in rance ne yaushe za a biya. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali a gaban liman ko mai unguwa, kowa ya riƙe kwafinsa. A tura kuɗin ta banki domin shaida ta zauna. Wani zai ce wannan ai rashin yarda ne tsakanin jini ɗaya. A'a, ku da kuka yarda da juna ba ku ne za ku yi shari'ar ba, 'ya'yanku ne da ba su nan ranar da aka yi maganar.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa muhalli na halal, ya bar zumunci.  

Daga mai karanta jaridarku a kullum,
Kano.