Fata Tun Daga Bakin Wuƙa Take Lalacewa

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge ce zangon ayarin da ke ƙetare Sahara, kuma cikin kayan da raƙuma ke ɗauka zuwa Tarabulus har da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ba da labarin takalman fata da ake fitarwa daga birnin. Bayan an kafa Sabon Gari a 1913, sai cinikin ya karkata wajen tashar jirgi da kantunan kamfanonin Turawa, aka kuma samu malaman fata da ke bin kasuwanni suna koya wa mahauta fiɗa da shanya.

Darasin nan nasu bai tsufa ba, kuma ya shafi ɗan koyon farauta da ya kama yanyawa ko dila a tarko kamar yadda ya shafi mahaucin babbar kwatar Fagge.

Da farko dai fata ba ta jira. A zafin ƙasarmu, 'yan sa'o'i kaɗan sun isa ta fara ruɓewa, saboda haka sai a feɗe dabba nan take. Ƙaramar dabba mai gashi kamar yanyawa ba a tsaga cikinta. Akan yanka daga ƙafar baya zuwa ɗayar, a zare fatar ɗungurungum kamar wadda za a yi salka da ita, a cire ƙashin wutsiya, domin in an bar shi nan wari zai soma. Fatarta sirara ce ƙwarai, don haka hannu ya fi wuƙa aiki. Huda ɗaya kan mai da fata mai daraja ta ɗaya ta koma ta uku a hannun dillali. Daga nan sai a kankare kitse da sauran nama da wuƙa marar kaifi.

Amma inda galibin masu koyo ke tafka asara shi ne wajen shanya. Mutum ya ga rana ƙwal, sai ya shimfiɗa fata a ƙasa ya danne da duwatsu, yana ganin ya yi dabara. Abin da ke faruwa kuwa shi ne, saman fatar ya bushe ya ƙame, danshi ya maƙale a ciki, kitsen da ya rage ya narke ya ƙona ta. A ido lafiya lau take. Sai ranar da majemi ya jiƙa ta sannan asiri ya tonu, gashi ya zube, fuskar fatar ta saluɓe, ba ta ƙara shan bagaruwa yadda ya kamata. Wannan ne ya sa malaman fata suka nace a ɗaure fata da igiyoyi a jikin firam cikin rumfa, iska na ratsa ta gaba da baya. Fatar yanyawa kuwa akan zura ta a jikin siririn allo, gashi a ciki, in ta sha iska a juya ta tun ba ta ƙame ba. Kada a ja ta fiye da girmanta don kwaɗayin tsawo. Gashin ne zai yi shara-shara.

Da hunturu aikin ba wuya. Da damina sai an haɗa da gishiri, a kuma riƙa kakkaɓe ta saboda ƙwaro.

Ɗan koyo ya sani ba kowace dabba ake taɓawa ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 sun kare dabbobi irin su damisa, kuma hukumar kwastan ta sa ɗanyar fata da ƙirgi cikin jerin kayan da aka hana fitarwa waje. Kasuwar mai fata a gida take ke nan: majemar gargajiya, dukawan Kurmi, da masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa. Su ma ɗin suna kokawa da masu ganda, domin ƙirgin da aka babbake aka kai kasuwar Sabon Gari, tukunya ya nufa ba majema ba.