Ɗigon fitsari bayan haihuwa: motsa jikin da ke taimakawa

Akwai wata larura da mata da yawa ke fama da ita, amma kunya kan hana su faɗa ko da a gaban likita. Mace ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga bokitin ruwa, sai ta ji fitsari ya ɗan zubo. Ga mai son riƙe alwala kuwa, abin ba ƙaramar damuwa ba ce.

To, me ke kawo haka? A ƙasan ƙugu akwai wasu tsokoki shimfiɗe kamar raga, su ne ke tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji. Goyon ciki, da haihuwa, da ƙiba, da yawan shekaru kan sa su saki. Amma tsoka ce, idan ana motsa ta tana ƙara ƙarfi.

Tun a 1936 wata 'yar Birtaniya, Margaret Morris, ta wallafa littafi a Landan kan irin wannan motsa jiki ga masu jego, sannan a 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya yaɗa shi. A yau hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce da shi ya kamata a fara kafin a yi zancen tiyata: a matse aƙalla sau 8, sau 3 a rana, na tsawon aƙalla wata 3, ƙarƙashin kulawar ƙwararru.

'Yar'uwa, ga yadda ake yi. Ki zauna ko ki kwanta, ki matse kamar kina riƙe iska da fitsari lokaci guda, ki ja sama. Ki riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ki saki sosai, ki sake. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse ciki ko cinyoyi. Kuma kada ki mayar da tsayar da fitsari a bayan gida ya zama atisayenki, domin yana iya hana mafitsara juyewa duka. Wata uku fa ba kwana uku ba ne, sai da haƙuri. Maza ma, musamman bayan aikin prostet, ana koya musu.

Sai dai a lura, wannan daban yake da yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda, inda fitsari ke zuba dare da rana saboda huji a mafitsara. Shi wannan motsa jiki ba ya rufe shi, sai tiyata, kamar yadda ake yi a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.