Idan Kunne Ya Toshe, A Bar Mai Ganin Ciki Ya Cire Dauɗar



Mai saye ya taya albasarki talatin, ke kuma tamanin kika ji. Babur ya taho ta bayanka a hanyar kasuwa, ba ka ji ƙararsa ba sai da aka fizge ka gefe. Malami ya aiko cewa yaronku ba ya amsa kira a aji. Sau da yawa abin da ke haddasa irin wannan ƙaramin abu ne: dauɗa ce ta taru ta toshe kunne. Cire ta ba wuya a hannun ma'aikacin lafiya. A hannun wanda ba ya ganin cikin kunnen kuwa, garin neman gira ana iya rasa ido.

Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce

Ramin kunnen babban mutum tsawonsa kamar santimita 2.5 ne, wato misalin gaɓar yatsa ɗaya. A ƙarshensa akwai dodon kunne, fata ce siririya kamar ɓawon albasa, ita ke kaɗawa idan sauti ya buge ta. Dauɗa tana fitowa ne daga fatar da ke kusa da bakin ramin. Tana kama ƙura, tana hana fata bushewa da ƙaiƙayi, kuma tana da ɗan tsami wanda ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Kunne yana share kansa. Fatar ramin tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, tauna da magana kuma suna taimaka mata turo dauɗar har ta iso baki ta faɗi. Don haka yawancin mutane ba su bukatar komai face goge bakin kunne da tsumma mai tsabta, ko iyakar inda yatsa ke kaiwa wajen alwala.

Me ke sa ta toshe?

Babban dalili shi ne sakace. Tsinken auduga, tsinken ashana, gashin kaza, makulli, murfin biro: kowanne yana fito da kaɗan, ya danna sauran ciki, kamar yadda ake danna kaya a buhu don ya ci da yawa. Wasu kuma an halicce su da ƙuntataccen rami ko gashi mai yawa a kunne. Dauɗar tsofaffi takan bushe ta yi tauri. Mai yini da abin sauraren waya a cushe a kunne yana tare mata hanyar fita. Ƙurar hunturu da ta injin niƙa suna ƙara mata kauri. Idan ruwa ya shiga wajen wanka sai ta kumbura, shi ya sa wani zai ce kunnensa ya toshe farat ɗaya.

Alamunta su ne raguwar ji, jin kunne a cike, jin muryarka tana amsa-kuwwa a cikin kai, ƙara kamar ta sauro, ƙaiƙayi, wani lokaci da ɗan jiri.

Abin da za ku guje wa

Kada ku zura komai a kunne, naku ko na yaro. Tsinke yana kankare fatar ciki, wurin ya kumbura ya yi mugunya. Idan wani ya bangaje hannunku a cunkoson kasuwa, tsinken na iya huda dodon kunne.

Mai sakatar kunne da ke yawo a tasha, ko wanzamin da ya ce zai taimaka, da kyakkyawar niyya yake yi, amma lalube yake a duhu, kuma ƙarfen da ya shiga kunnen wani shi zai shiga naku. Haka nan kada a zuba kananzir, turare, ruwan albasa ko ruwan ganye. Idan akwai huda a dodon kunne, wadda mai ita kansa bai sani ba, abin da aka zuba zai wuce can ciki ya yi ɓarna.

Yadda ake yi a asibiti

Da farko ma'aikacin lafiya zai yi muku tambayoyi, sannan ya leƙa kunnen da 'yar fitila mai madubi. Da ita zai gane ko dauɗa ce, ko ciwo, ko wani abu ne ya shige. Wannan dubawa ita ce bambancinsa da mai sakace.

Idan dauɗar ta yi tauri, zai ba ku maganin ɗigawa mai tausasa ta, kamar man zaitun mai tsabta ko maganin ɗiga na kanti, a yi kwana 3 zuwa 5. A kwanta da kunnen a sama, a ɗiga biyu ko uku, a dakata kamar minti 5. Tun da kasuwar Bawku bayan kwana uku take ci, wanda aka duba a wannan kasuwa yana iya dawowa a ta gaba ko ta bayanta. Kada ku tsorata idan ji ya ƙara raguwa a kwanakin farko, dauɗar ce ke jiƙa. Ga wasu, ɗigawar kaɗai ta isa.

Idan ba ta fita ba, hanyoyi uku ne. Ana wankewa da ruwa mai ɗumin jiki, wato digiri 37. Ruwan da ya fi haka sanyi ko zafi yana kawo hajijiya, shi ya sa ba a yin wankin a gida. Ana zuƙowa da ƙaramin injin. Ko kuma a ciro ta da siririn ƙarfe da aka tsabtace, ana gani da ido. Aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma bai kamata ya yi zafi ba. Da kun ji zafi ko jiri, ku faɗa a tsaya.

Ku faɗa kafin a taɓa ku

Wankin ruwa bai dace da kowa ba, ɗiga mai ma haka. Ku sanar da ma'aikacin lafiya idan kunnen ya taɓa zubar da ruwa ko mugunya, idan an taɓa ce muku dodon kunnen ya huje, idan an taɓa yi masa tiyata, ko idan da shi kaɗai kuke ji. Mai ciwon sukari da mai raunin garkuwar jiki su ma su faɗa, domin ƙaramin rauni a kunnensu na iya zama babban ciwo.

Ba kowace toshewa ce dauɗa ba

Kada ku jira ranar kasuwa, ku tafi asibiti a ranar, idan:

- ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko;
- akwai zafi mai tsanani, zazzaɓi, jini, mugunya, ko kumburi a bayan kunne;
- baki ya karkace, ko jiri yana hana tsayuwa;
- yaro ya cusa wake, masara ko gyaɗa. Kada a zuba ruwa, ƙwayar kumbura za ta yi. Idan ƙaramin batirin agogo ne, a garzaya nan take, yana ƙona nama cikin 'yan awanni.

Yankinmu yana cikin inda sanƙarau ke ɓarkewa da rani, kuma yakan bar kurumta. Duk wanda ya tashi daga sanƙarau, musamman yaro, a gwada jinsa ko da ya ga kamar lafiya lau. Wasu allurai, irin su jentamaisin, suna lalata ji idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Kada ku karɓi allura a hannun mai tallar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta keɓe 3 ga Maris don tunawa da lafiyar ji, ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara abu ne da ake iya kauce masa.

Ina za a je?

Ku fara da ƙaramin asibitin da ya fi kusa, ku tambaya ko suna da fitilar duba kunne. Idan babu, ku nufi babban asibiti, kamar Asibitin Presby na Bawku. Abin da ya fi ƙarfin nan ana tura shi Bolgatanga ko Asibitin Koyarwa na Tamale. A Ghana sashen kunne, hanci da maƙogwaro ana kiransa ENT. A Togo da Burkina Faso kuwa ORL za ku nema, a manyan asibitoci irin na Dapaong da Tenkodogo.

Ku riƙe katin inshorar lafiya idan kuna da shi, ku tambayi kuɗin aiki tun kafin a fara. Ku ajiye takardar da aka rubuta muku da kwalbar maganin, domin idan fatauci ya kai ku ƙetaren iyaka, likitan can ya ga abin da aka riga aka yi.

Idan an cire dauɗar amma ji bai dawo ba, kada ku haƙura, ku nemi a yi muku gwajin ji. Wanda ya ji da wannan, ya isar wa maƙwabcinsa na rumfa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a kasuwa.