Kano, Daura, Katsina A Kan Keke: Yadda Muka Shirya Tafiyar Tallafa Wa Masu Amosanin Jini

Maganar ta faro ne a barandar wani asibiti a Kano, da tsakar dare, inda na je taya wani aminina jinyar ɗansa mai shekara tara da ke fama da amosanin jini, wato sikila. A gadon da ke kusa da nasu akwai wata baiwar Allah da ta zo da 'yarta daga ƙauye. Likita ya rubuta mata magani, ta karɓi takardar da hannu biyu, ta yi godiya, ta ninke ta ta ƙulle a bakin zaninta, ta koma ta zauna. Ba ta nufi wajen sayar da magani ba, kuma duk wanda ke ɗakin ya san dalili. Aminina ya dube ni ya ce, "Malam, ni mai albashi ma ka ga yadda nake, ina ga wannan?"

A daren mun saya mata maganin, sai dai mun san ba mu yi komai ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan lalura, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Idan miji da mata duk suna da rukunin AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024, abin a yaba ne, amma dokar tana kare waɗanda ba a haifa ba ne. Waɗanda suka riga suka zo duniya kullum suna bukatar folic acid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wasunsu da hydroxyurea, ga ƙarin jini idan ta ɓaci.

Mu bakwai ne muka saba fita motsa jiki a kan keke duk safiyar Asabar. Gaskiyar magana, yawancinmu janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ne ya tuna mana da keke, motsa jikin daga baya ya biyo. A cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da ma'aikacin banki, da ɗan kasuwar Kwari, da ma'aikacin jinya, da aminin nan nawa, sai ni. Ma'aikacin jinyar ne ya kawo shawarar mu yi doguwar tafiya, mu nemi jama'a su ɗauki nauyin kowace kilomita da abin da ya sawwaƙa, a tara a sayi magani. Ya ba da misalin Kunle Adeyanju, wanda ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas a 2022 don yaƙi da cutar shan inna. Muka yi na'am nan take, domin a lokacin mun zaci wahalar duk a cinya take.

Turjiyar farko daga gida ta fito. Da na kai wa kawuna maganar, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, kuɗin da za ku kashe a hanya, me ya hana ku ba marasa lafiyar ku zauna a gidajenku? Ko sai duniya ta gan ku?" Tambayar ta yi mini nauyi, don tana da gaskiya a ciki. A ƙasar nan, in aka ga mutum ya ɗauki doguwar hanya a ƙasa ko a keke, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne tukuici yake nema. Tun da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015 don murnar nasarar Muhammadu Buhari, masu tattaki suka yi yawa, kowa da ɗan siyasar da ya nufa. Ga kuma matsayin keken kansa. A zamanin iyayenmu mai Raleigh babban mutum ne, har masana'antar haɗa shi akwai a Kano, amma yau in magidanci ya hau keke sai a fara raɗa cewa karayar arziki ta same shi.

Amsar da na samu bayan kwanaki ita ce, abin da mu bakwai za mu iya haɗawa daga aljihunmu ba zai riƙe yara goma na wata uku ba. Tafiyar kuwa ganga ce ta shela. Mutumin da ba zai tsaya sauraron lacca kan rukunin jini ba, zai tsaya ya tambayi dattawa bakwai masu hular kwano ina suka nufa, daga nan sai magana ta buɗe. Amma tambayar kawu ita ta haifar da ƙa'idar da muka gina komai a kanta: ko sisin kwabo na gudummawa ba zai shiga hidimar hanya ba. Abinci, masauki, man motar rakiya, gyaran keke, duk daga aljihunmu. Kuɗin jama'a kuwa asusu dabam, wanda ba a cire komai daga ciki sai da sa hannun mutum uku, biyu daga cikinsu ba sa cikin tafiyar: limamin unguwarmu da wata uwa mai 'ya'ya biyu masu lalurar. Duk Juma'a ma'aikacin bankin yana fitar da lissafin abin da ya shigo ya tura wa duk wanda ya bayar.

A kan wannan ƙa'ida muka rasa mutum guda. Abokinmu ɗan kasuwa ya zo da albishir cewa wani mai neman kujera ya yarda ya ba da kuɗin da ya ninka duk abin da muka tara, da sharaɗin hotonsa ya hau rigunanmu, kuma a ƙare tafiyar a ƙofar gidansa. Muka kwana biyu muna muhawara. Hujjar abokinmu ba ta banza ba ce. Ya ce, "Alhaji, yaron da ke murƙususu a gado ba ruwansa da hoton wa ke rigarka." Ni kuwa na tsaya a kan cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar da hoton ya hau ƙirjinmu, rabin garuruwan da za mu ratsa za su ɗauke mu 'yan kamfe, duk abin da muka faɗa kan gwajin jini ya bi iska. Aka ƙi tayin da rinjayen mutum ɗaya. Ya janye daga tafiyar, kuma har yau in na tuna yawan maganin da kuɗin nan zai saya, ba na iya bugun ƙirji in ce lallai mu ne a kan daidai.

Zaɓen hanya ya ci mana mako uku. Mun so mu yi nisa fiye da haka, amma halin tsaro ya sa muka kauce wa yammacin Jihar Katsina baki ɗaya. Muka tsayar da zagaye na kimanin kilomita 380 cikin kwana biyar: Kano zuwa Kazaure ta Ɗambatta, sai Daura, sai Katsina ta Mashi, sannan a dawo ta Charanci da Kankiya da Tsanyawa da Bichi. Wani dattijo mai gyaran keke da muka ɗauka ya raka mu shi ya gyara mana tsarin. Mun yi niyyar fara wa ta Katsina, sai ya ce a'a, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, gara mu tunkare ta a kwana biyun farko muna da sauran ƙarfi, in mun juya daga Daura zuwa Katsina sai ta koma bayanmu tana tura mu. Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?" Ya yi dariya ya ce shekara ashirin ya yi yana kai kaya kasuwannin ƙauye a kan kariya.

Shi ne kuma ya hana mu ruɗuwa da kekunan gwanjo masu giya barkatai waɗanda in abu ɗaya ya karye ba a samun irinsa sai a birni. Ya sa kowa ya koyi yin faci da kansa, ya tanadi tayoyi da kaca da wayar birki. Ma'aikacin jinya ya ɗora mana atisaye na wata biyu, muna ƙara nisa duk mako, ya haɗa akwatin magani da ƙunshin gishiri da sukari na ORS. Muka rubuta wa 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra, muka aika wa hakiman garuruwan da za mu kwana takarda tun da sauran mako biyu, domin baƙon da ya yi sallama ba a yi masa kallon ɓarawo. Dokar hanya kuwa gajeriya ce: a tashi bayan gari ya waye sosai saboda hazo, a bi layi ɗaya a gefen titi, mota a baya da fitilu a kunne, kuma La'asar ta same mu a masauki. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, fura a duk inda aka tsaya.

Tafiyar kanta ba ni da dogon labari a kanta. Cinya ta yi tsami, leɓe ya tsage, manyan motoci sun sha tura mu cikin yashi, kuma sirdi ya koya mana abin da ba a faɗa a jarida. A kowace tasha mutane sun taru, ma'aikacin jinya ya yi bayanin AA da AS da SS da ƙwayoyin wake fari da ja a tafin hannu, kuma a wurare da dama an tambaye shi ko gaskiya ne ba aljanu ke kawo ciwon ba.

Abu ɗaya ne ba mu lissafa ba, ko kuma mun lissafa mun kau da kai. Sanyin da ya sauƙaƙa mana taka feda shi ne babban mai tayar da ciwon sikila. A daren da muka sauka Daura, bayan mun dawo daga ganin rijiyar Kusugu, aka kira aminina cewa an sake kwantar da ɗansa. Da asuba ya hau motar haya ya koma Kano, muka ɗora kekensa a motar rakiya. Mu biyar muka ƙarasa, kuma daga Mashi har Katsina, duk da iskar da Baba ya yi mana alkawari tana bayanmu, ba wanda ya yi wa wani magana.

Abin da aka tara bai kai rabin abin da muka sa rai ba. Da muka zauna rufe lissafi, sai muka tarar da wata matsala da ba mu yi mata tanadi ba: kuɗin hannu da mutane suka riƙa cusa mana a hanya, naira ɗari, ɗari biyu, wasu ko suna ba su bari an rubuta ba. Abin da ke cikin jaka ya gaza abin da ke cikin littafi da 'yan dubbai, wataƙila an sayi ruwa da su cikin gajiya. Muka cike giɓin daga aljihunmu, muka rubuta a rahoton ƙarshe cewa an samu giɓi kuma ga yadda aka cike shi. Uwar da ke sa hannu a asusun ce ta jagoranci sayen maganin da raba shi ta hannun ma'aikatan asibitocin yara biyu, da rasit na kowane kwali.

An sallami ɗan aminina bayan kwana tara. Ranar da muka je duba shi, tambayar farko da ya yi wa mahaifinsa ita ce wa ya tuƙo masa kekensa daga Daura. Na kai wa kawu kwafin rahoton, ya sa tabarau ya bi shi layi-layi har wurin giɓin, ya daɗe a kansa, sannan ya tambaye ni nawa ake biyan kilomita ɗaya in za a sake a baɗi.