Fatsar Damina da Sun Rani

Wata Asabar cikin watan Agusta, mu takwas daga wajen aikinmu muka jeru a bakin wani rafi da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, kowa da sandarsa da zare da ƙugiya, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Asabar muka zaɓa don kada a shiga haƙƙin kowa, tunda Juma'a ta masu masallaci ce, Lahadi kuma ta masu coci. Sharaɗin gasar guda ne: wanda kifinsa ya fi nauyi kafin la'asar, ba zai sa hannu a aljihu ba in an zo biyan kuɗin farfesu. Wanda ya san Kafanchan ya san damina a nan ba irin ta Kano ba ce. Ruwa kan sauka tun Afrilu ya kai Oktoba, in marka ta kankama kuwa sai wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba.

A cikinmu akwai wanda ya taɓa zuwa Argungu, shi ne ya hana mu sakat. Wai wannan da muke yi wasan yara ne, kamun kifi na maza shi ne su. Tun ranar nake auna maganarsa.

Su ba na Kabawa kaɗai ba ne. Duk inda tafki ke janyewa da rani, gari kan sa rana a faɗa masa gaba ɗaya. Argungu dai ita ta fitar da shi duniya. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka yi masa su don girmamawa bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, daga nan bikin ya samo asalin yadda yake a yau. Dubban masunta ke jeruwa a gaɓar kogin Matan Fada, kowa da homa da gora, da an ba da alama sai su afka ruwa tamkar an sako fari, makaɗa na bin su a kwalekwale. Cikin kusan awa guda an gama. A 2020, da aka farfaɗo da bikin bayan ya yi shekaru a kwance, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Hukumar UNESCO ma ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wannan duk gaskiya ne, ba mai ja.

Sai dai su yana da abin da yake nema daga mutum: ƙarfin damtse, dogon numfashi, iya nutso, da ruwan da ya ja baya. Hayaniya ma makami ce a wurinsa, ita ke firgita giwan ruwa ya faɗa homa. Fatsa ba ta son ko ɗaya daga cikin waɗannan. (Abin dariya, duka biyun da gora ake yinsu, in a rubuce ne. Ta mai fatsa sanda ce, na mai su kuwa ƙaton duma ne da yake kifa ciki a kai.) Mai fatsa zama yake, ya soka tana a ƙugiya, ya jefa, ya zuba wa zare ido. Kuma damina ce lokacinsa, domin ruwan sama na wanko tana da gara zuwa cikin rafi, ruwan ya yi ja, tarwaɗa ta baro ƙasa ta matso gaɓa tana lalube da gashin bakinta. Ba ta buƙatar ganin komai. Karfasa ce 'yar rainin wayo, ta tsattsage tanar ta bar maka ƙugiya tsirara.

A nan ne na ga abin da su ba zai iya yi wa abokan aiki ba. Da a ce su muka je, samarin ofis ne za su shiga ruwa, manya da mata su tsaya a gaɓa suna tafi, a koma gida kowa yana inda yake jiya. Amma ƙugiya ba ta san muƙami ba. Ogan namu ya zo da sandar kanti mai naɗe zare da kanta, ga rigar ruwa har ƙasa, ya yini bai kama ko ɗan tsako ba. Dattijon direbanmu kuwa, da buhun taki ya rufe kansa, ya zaɓi wata kwana inda ruwa ke lafawa ƙarƙashin ciyawa, kafin azahar ya fitar da tarwaɗa huɗu. Can sai muka ji Oga ya sassauta murya: "Baba, don Allah zo ka duba mini, me nake yi ba daidai ba?" Baba ya ce, "Yallabai, kana yawan ɗagawa ne. Kifi ba fayil ba ne da za a ce a kawo shi yanzu-yanzu." Shekara shida muna aiki tare, ban taɓa jin sun yi magana ta wuce "juya mota" ba. Wata 'yar'uwarmu Bajju daga sashen kuɗi ita ta zo ta biyu, har yau ba ta bari mun manta ba.

Turawan Ingila sun daɗe da mai da irin wannan zama wasa mai doka. Ma'aikatan masana'antu da 'yan kulob kan yi ƙuri'a a raba musu wuraren zama a bakin kogi, a yi kamar awa biyar, a auna kifin kowa, sannan a mayar da shi ruwa da ransa. Da na ba Baba wannan labari sai ya riƙe baki: "Wato mutum ya sha dukan ruwa awa biyar, ya koma gida a ba shi miyar karkashi?" Muka yi ta dariya.

Dariyar ta ragu da aka zo gyaran kifi. Uku daga cikin tarwaɗar nan cikinsu cike yake da ƙwai. Damina lokacin haihuwarsu ce, shi ya sa suke hawowa cikin ciyawar da ruwa ya shanye, shi ya sa kuma suke da sauƙin kamu. To a nan su ya fi mu gaskiya. Matan Fada na da Sarkin Ruwa, ana hana kamun kifi a wurin har ranar biki ta zo, kifi ya samu ya girma. Ingila ma kan rufe irin wannan kamu a kogunanta daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda haihuwar kifi. Mu kuwa ba sarki, ba doka, kowa da ƙugiyarsa. Ga kuma hatsari: rafin da ke fitowa daga dutse kan cika cikin ƙiftawar ido in an yi ruwa a sama, ko da inda kake zaune ɗigo bai sauka ba. Wanda ya ga yadda ruwan Matsirga ke zubowa daga kan dutse a Agusta ba sai an yi masa bayani ba.

Duk da haka, in abokan aiki ne ke neman abin da zai haɗa su, fatsa na zaɓa. Su na gari ne, a bar wa gari. Mun ci farfesunmu da yamma, an zuba masa cittar Kachiya har hawaye, Baba bai biya ko kwabo ba. Mun kuma yanke cewa baɗi, in Allah ya kai mu, sai ƙarshen Oktoba za mu fita, kuma duk tarwaɗar da aka ga cikinta ya kumbura za a mayar da ita ruwa. Mu bakwai muka ɗaga hannu. Baba ya ce zai yi shawara.